Yadda Beguwa Ta Kankare Haƙoran Kada

An yi wata Beguwa a Dajin Ƙirya, gwanar zanen ƙwarya ce ta gaske. Ba ta sayen wuƙa. Ƙayar bayanta take cirowa ta fiƙe, ta zauna gindin bishiya ta zana duk abin da idonta ya gani a shekara. In an yi fari, za ka gan shi a jikin ƙwaryarta. In Zomo ya yi satar gyaɗa, shi ma za ka gan shi, har da kunnuwansa. Saboda haka dabbobi suka yarda da hannunta fiye da bakin mai shela. Aibinta ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: tana son yabo kamar yadda ƙuda ke son zuma.

Dillaliyarta Hawainiya ce, mai zaƙin baki, wadda ba wanda ya taɓa sanin ainihin launinta. Ita ke kai wa Beguwa ƙorai Kasuwar Tsibiri, wadda ke ci kwana bakwai a tsakiyar kogi da kaka. Can ne baƙi ke taruwa daga sahara da kurmi da bakin teku. Ba don shan fura suke sayen ƙwarya ba. A bango suke rataye ta, su ja da baya, su karkata kai suna kallo.

Shi kuwa tsibirin, ba a isa gare shi sai ta mashigin Kada. Kada ne ya kafa rumfunan kasuwar, shi ke fito da kowa a bayansa, kuma shi ne babban mai saye. A kwana bakwai ɗin nan da idon baƙi ke kansa, ba ka taɓa ganin mai kirki kamarsa ba. Sauran kwanakin shekara kuwa, duk wanda ya sa ƙafa a mashigi ya zama abincinsa. 'Yan daji sun san haka, baƙi ne ba su sani ba.

Wata shekara da bazara, Kada ya kama mijin Gada a mashigi. Gada aminiyar Beguwa ce tun suna ƙanana. Gada ta ɗauki 'yarta tilo ta bi doguwar hanyar duwatsu, ta yi hijira zuwa wata ƙasa mai nisa. Beguwa ta ga abin da ya faru daga kan tudu, ta yi kuka har ta gaji. Sannan ta ɗauko masaki, wato ƙatuwar ƙwarya, ta zana shi duka: ga ruwa, ga mijin Gada, ga bakin Kada a wangale, haƙoransa ba wanda ta rage.

Da kaka ta yi, Hawainiya ta zo ɗaukar kaya. Tana ganin masakin ta koma fara fat.

"Gwana, wannan ba zai haye ruwa ba."

"Don me? Ya tsage ne?"

"Kin fi ni sanin don me. A bayan wa za mu hau? A rumfar wa za mu zauna? Ki bar kaza cikin gashinta."

"Abin da na gani na zana," in ji Beguwa, ƙayoyinta suna miƙewa. "Ke dai ɗauka kawai, ba shawararki na nema ba."

"To, ni dai na faɗa. In kunne ya ji, jiki ya tsira."

Suka tafi tare. Kada ya haye da su lafiya, har yana tambayar Beguwa mutanen gida. Ya dubi masakin sau ɗaya, ya ci gaba da iyo.

Da suka isa, Ungulu sarkin kasuwa ta tare su da fara'a. "Kash, Gwana, bana rumfarki yoyo take yi. Sai dai ki yi haƙuri da can baya."

"Yoyo da kaka? Ina ruwan yake?"

"Ni dai abin da aka gaya mini ke nan."

Can baya kuwa kusa da juji ne. Kwana bakwai Beguwa ta yi tana gadin masakinta ita da ƙudaje. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya tsaya. Daga nesa tana jin ana tafa wa wani Ɓera da ya zana furanni, furannin da ko ɗan koyo ba zai yarda ya sa musu hannu ba. Wannan tafin ya fi yunwa cin ranta.

Shekara ta zagayo. Hawainiya ta dawo da murya mai laushi.

"Ba cewa na yi ki fasa shi ba, Gwana. Aiki kamar wannan ai ba a fasa shi. Haƙoran kawai za ki ɗan kankare. Mai hankali zai gane sauran."

"Kada ba haƙora? Ai ya zama gungume."

"Gungumen da ke rumfar gaba ya fi Kadan da ke bakin juji. In ba wanda ya ga aikinki, wa kika gaya wa gaskiyar? Ƙudaje?"

Maganar ta shige ta, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Beguwa ta kankare haƙoran. Da ta duba, sai ta ga bakin ya yi kama da na mai hamma, mijin Gada kuma ba shi da abin yi a wurin. Ta kankare shi shi ma, ta zana ciyawa a gurbinsa.

A wannan shekarar rumfa ta daina yoyo. Kada da kansa ya tsaya gaban masakin, baƙi suka yi masa da'ira.

"Ku dubi hannu," in ji shi. "Ni fa ina son masu fasaha. Ƙasar da ba gwanaye ai kango ce."

"Godiya nake, ranka ya daɗe," in ji Beguwa. Ta ji kunya ta taso mata, amma tafi ya danne ta.

Daga nan sunanta ya kai inda ƙafarta ba ta taɓa zuwa ba. Kuma ga abin da ya fi ba ni takaici a labarin nan: daga wannan shekara ba wanda ya ƙara ce mata ta cire komai. Ungulu ba ta ce ba, Hawainiya ba ta ce ba, Kada kuwa dama bai taɓa cewa ba. Ita ce da ta ɗauki ƙaya sai ta tambayi kanta, "Wannan zai haye ruwa?" In ta yi shakka, sai ta zana tsuntsaye. Har ta kai ba ta ma tambayar, hannun ya koyi kaucewa da kansa.

A shekara ta biyar ta zana wata ƙwarya mai kyan gaske. Ga mashigi, ruwa kwance, ga Kada ɗauke da 'ya'yan dabbobi a bayansa suna dariya.

Hawainiya ta juya ido ɗaya ga ƙwaryar, ɗaya ga Beguwa. "Gwana, ni fa ban ce ki kai nan ba."

"Ƙarya na zana? Ba ya ɗaukar yara ranar kasuwa?"

"Yana ɗauka."

"To, abin da na gani na zana. Ki rufe mini baki."

Wata Jimina, attajira daga sahara, ta saye ta. Ta kai ta ƙasarsu ta rataye a zaurenta, inda kowa ke wucewa ya gani.

Watanni suka shuɗe. Wata safiya da bazara, Beguwa tana fiƙe ƙaya a ƙofar raminta, sai ta ga wata dabba tana tahowa tana ɗingishi, jikinta duk laka. Sai da ta matso ta gane ta.

"Gada? Ƙawata, ke ce? Ina 'yarki?"

Gada ta zauna a ƙasa.

"Na ga ƙwaryarki a zauren Jimina," in ji ta. "Tun daga bakin ƙofa na gane hannunki. Shekara biyar ina tambayar fatake labarin gida, kowa da abin da yake faɗa, ban yarda da ko ɗaya ba. Da na ga wannan, na ce da 'yata, tashi mu tafi, Kada ya tuba. Ta ce, Inna, mu dai bi ta duwatsu. Na ce mata, Beguwa ba ta zana abin da ba haka yake ba."

Beguwa ta saki ƙayar da take fiƙewa.

"Jiya muka iso mashigi. Ita ce a gaba."

"Ƙawata, ranar kasuwa na zana. Ranar kasuwa yana..." Gada ta katse ta.

"A jikin ƙwaryar an rubuta ranar kasuwa ce?"

"A'a."

"To gaya mini abu ɗaya, don tun jiya nake neman hanyar da zan yafe miki. Ya tsare ki ne? Ya ce zai cinye ki in ba ki zana ba? Ki ce mini tilasta ki aka yi."

Beguwa ta duba cikin shekarun nan biyar kaf, tana neman barazana ko guda ɗaya da za ta miƙa wa aminiyarta. Ba ta samu ba. Rumfa ce kawai aka ce tana yoyo.

"Ba wanda ya ce mini komai," in ji ta.

Gada ta gyaɗa kai, ta miƙe da ƙyar, ta tafi.

Daga ranar Beguwa ba ta ƙara zanen tsuntsu ba. Ta samo sabon masaki, ta zana mijin Gada, ta zana 'yar Gada, ta zana duk waɗanda ta san mashigi ya ci. Haƙoran sun ba ta wuya, don hannun ya manta su, sai da ta ɓata ƙorai uku kafin su fito.

Da kaka ta yi, ba ta nemi a haye da ita ba. Ta tsaya a bakin mashigi inda baƙi ke jiran fito, ta ɗaga masakin sama.

"Ku duba nan kafin ku hau. Wannan shi ne mai ɗaukar ku."

Baƙi suka taru, aka fara gunaguni. Kada ya fito daga ruwa a hankali, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan. Ya aika aka kwaso ƙoran da ya saya a hannunta, aka jera su a kan yashi. Ga shi yana hamma cikin ciyawa. Ga shi yana shan hantsi, tsuntsaye a kansa.

"Hannun wa ye wannan, Gwana?"

"Nawa ne."

"Na tilasta ki?"

"A'a."

"To, jama'a, kun ji. Ni ba na jayayya da masu fasaha. Wataƙila bana ba a yaba mata yadda take so ba ne."

Jimina ta miƙo dogon wuyanta. "Ni ma akwai ɗaya a zaurena. Baiwar Allah, ko dai da can kin yi mana ƙarya, ko yanzu kike yi. Wanne za mu ɗauka?"

"Na yanzu ne gaskiya. Hawainiya ta sani, ku tambaye ta."

Aka waiga neman Hawainiya. Tana nan kusa a kan yashi, amma ta riga ta koma launin yashin, ba wanda ya gan ta.

Baƙi suka hau bayan Kada ɗaya bayan ɗaya. Wani Aku ma ya tsaya ya ce zanen ya yi kyau, sai dai haƙoran sun yi yawa, ba za su dace da bangonsa ba. Aka bar Beguwa ita kaɗai a bakin ruwa, rungume da aikin da ya fi duk abin da ta taɓa yi, ba mai saye, ba mai yarda.

Ta koma gida da shi. Har yau tana zane, kuma gaskiya take zanawa, amma in an ga ƙwaryarta sai a ce, "Bari dai mu tambayi wani." Gada tana wucewa ta ƙofarta kowace safiya da ɗingishinta. Beguwa takan ce, "Ina kwana, ƙawata." Gada takan ce, "Lafiya lau, Gwana." Ba ta ƙara kiran ta ƙawa ba.

Darasin wannan labari shi ne, mai ƙarfi ba kullum yake rufe bakin mai fasaha da hannunsa ba. Sau da yawa rumfa kawai yake hana shi sau ɗaya, sauran aikin mai fasahar ne ke ƙarasa masa, don kwaɗayin kasuwa da tafi. Tsoro ba abin kunya ba ne, kuma wanda ya ji tsoro yana iya ajiye ƙayarsa ya yi shiru. Amma wanda jama'a suka yarda da hannunsa, in ya nuna rabin gaskiya a matsayin dukanta, wani ne can nesa zai taka ruwa saboda shi. Ranar da kuma ya dawo da gaskiyar, zai tarar ya riga ya sayar da masu yarda da shi.