Ranar da Baban Dokas Ya Yi Shiru

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a unguwar Liman Abaji da ke Keffi, sunansa Jethro, amma maƙwabta Baban Dokas suke ce masa. Shekarunsa hamsin da biyu. A wata ma'aikata yake aiki a Abuja. Kamar dubban mutanen da birnin ya yi wa tsada, kullum da asuba yake shiga mota, ya sha cunkoson Mararaba, ya dawo da yamma a gajiye.

Allah ya ba Jethro baki. In ya miƙe a taron ofis ya fara zuba Turanci, sai ka rantse ba a ƙasar nan ya yi karatu ba. Aibinsa ɗaya ne: ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana. Kana tsakiyar zance zai tari numfashinka, ya ƙarasa maka, ya gyara maka, sannan ya ɗora maka shawarar da ba ka nema ba.

Lokacin da matarsa Catherine take da rai, abin bai fito fili ba. Kullum gidan cike yake da matan zumunta na coci, da maƙwabta, da 'yan uwa daga ƙauye. Shi a zatonsa hirarsa ake zuwa ji. Da Catherine ta rasu aka share makoki, sai ƙafa ta ɗauke. Kujeru shida ne a falonsa, ɗaya kawai ake zama a kai. Ranar Lahadi in ya dawo daga coci, sai ya kunna rediyo don dai ya ji muryar mutum a gidan.

Duk da haka bai gane ba. Cewa yake mutanen yanzu ba su da zumunci.

'Yarsa ɗaya ce, Dokas, malamar firamare a Gitata. Tafiyar ba ta da wani nisa, amma sai Kirsimeti take leƙowa. Yakan tura mata dogayen saƙonni a waya, masu lamba ɗaya, biyu, uku, kamar takardar ofis, duk a kan ta bar koyarwa ta nemi aiki a Abuja. Amsarta ba ta wuce, "To, Baba."

Ana nan, sai aka ce ƙarin girma ba zai samu ba sai da babban satifiket. Jethro ya yi rajistar karatun ƙarshen mako a jami'a. Da ya duba jerin kwasa-kwasan ya ga akwai na dabarun sadarwa a wurin aiki, sai ya yi dariya shi kaɗai.

"Ni za a koya wa magana?"

Malamar kwas ɗin, Dakta Sharifa, ba za ta wuce shekara arba'in ba. A lakcar farko sau uku Jethro ya katse ta, har da gyara mata yadda ake furta wata kalma. Ta yi murmushi ta ce ta gode. A mako na uku ta ce ɗalibai su kasu rukuni-rukuni, kowa ya zaɓi abokan aikinsa. Kujeru suka yi ta ƙara, aka haɗu biyar-biyar. Da hayaniyar ta lafa, Jethro ne kaɗai a layin gaba, dama da hagunsa babu kowa.

Ya buɗe littafinsa ya yi kamar yana duba wani abu.

A ranar ta ba da aikin gida. Ta ce, "Kowa ya sami mutum ɗaya da ya sani. Ka tambaye shi abin da ya fi damunsa a kwanakin nan. Ka saurare shi minti ashirin. Ba katsewa, ba shawara, ba kawo labarin kanka. In ya gama, ka maimaita masa abin da ka ji, ya tabbatar maka haka yake nufi. Sannan ka rubuto mini da irin kalmominsa."

Jethro ya ɗauka wasan yara ne. Sai da ya zauna ya buɗe wayarsa. Lambobi sun fi ɗari huɗu. Ya bi su daga sama har ƙasa, bai ga mutum ɗaya da zai yarda ya buɗe masa cikinsa ba.

Ranar Litinin ya tare Lucky, wanda suka shekara tara a ofis ɗaya.

"Lucky, me ya fi damunka a kwanakin nan?"

Lucky ya dube shi da mamaki. "Ni, Oga? Lafiyata ƙalau. Ba komai." Ya kwashi fayil ya fice.

Da lokacin miƙa aiki ya matso, Jethro ya zauna ya ƙirƙiro wani direban mota, ya sa masa damuwa a baki, ya cika shafi uku da Turanci mai kyau. Mako na gaba aka raba wa kowa takardarsa da maki. Tasa babu maki, sai rubutu da jan biro: Ka same ni a ofis.

Ya shiga da shirin faɗa.

"Dakta, a ajin nan kaf babu wanda ya kai ni iya rubutu."

"Gaskiya ne, Mista Jethro. Zauna mana." Ta jira har ya zauna. "Direban nan naka, sau huɗu ya yi amfani da kalmar da kai kaɗai na taɓa ji kana faɗa a aji. Ra'ayinsa naka ne, har yadda yake jera magana naka ne. Akwai shi kuwa?"



Ta ce, "Ba zan kai maganar gaba ba. Na ba ka mako ɗaya ka sake. Ka girme ni, kuma ka fi ni daɗewa a aiki, don haka ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. A ofis, in mutane suka daina kawo maka matsala, ba wai matsalar ta ƙare ba ne. Sun dai gaji da kawo maka ne."

Ya fito ransa a ɓace. Amma maganar ta bi shi har gida.

Jikin katangarsa akwai gida da shagon wani tela, Malam Ubale. Shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka, gaisuwa ce kawai tsakaninsu, sai in Jethro ya tsaya yi masa bayanin siyasa. Ranar Lahadi bayan la'asar, Jethro ya shiga shagon ya zauna a benci.

"Malam Ubale, aikin makaranta ne ya kawo ni. An ce in tambayi mutum abin da ke damunsa, in saurara."

Ubale ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki. "Kai ne za ka saurara, Baban Dokas?"

"Ni ne."

Ubale ya yi 'yar dariya, ya ce idonsa ne. Yanzu sai ya yi ta fama kafin zare ya shiga allura. Nan take sunan wani asibitin ido ya zo wa Jethro har bakin leɓe. Ya danne.

Ubale ya dakata yana jiran a katse shi. Da ya ji shiru, sai ya ci gaba. Ya ce ba ciwon ne ya fi tsorata shi ba. Tsoronsa ranar da zai ɓata wa wani shadda mai tsada, a ce Ubale ya tsufa. Shekara talatin da biyar yana kan keken nan, bai san wata sana'a ba, bai ma san yadda mutum yake wuni ba tare da ita ba. Ko matarsa Amarya bai faɗa wa ba.

Jethro ya maimaita masa abin da ya ji. Ubale ya gyaɗa kai. "Haka ne. Wallahi haka ne."

Ubale ya daɗe yana juya almakashi a hannunsa.

"Tunda yau ka zauna, akwai maganar da ta daɗe tana cina. Ka san an yi wa Dokas tiyata a watan huɗu?"

Jethro ya ɗago kai.

"Ƙari aka cire mata a ciki. A nan garin aka yi. Ƙanwar mahaifiyarta ce ta sa hannu a takarda. Da aka sallame ta, kwana shida ta yi a ɗakin Amarya kafin ta iya shiga mota. Katangar nan ce kawai tsakaninku."

"Kuma ba wanda ya..."

"Ta roƙe mu kada mu faɗa. Ni ban iya ba. Sau biyu na tare ka a ƙofar gida. Na ce, Baban Dokas, akwai magana a kan Dokas. Ka ce ai ka sani, taurin kai ne da ita. Ka tsaya kana yi mini bayanin aikin Abuja har ka duba agogo ka wuce. Na biyun ma haka."

Jethro ya tuna. Ya tuna safiyar, har da rigar da ke jikin Ubale. Ya miƙe ko sallama bai iya yi ba, ya shiga gida ya tsaya a tsakar gida yana kallon katangar. Ba ta fi tsayinsa da komai ba.

Ranar Asabar bai je lakca ba. Ya shiga motar Gitata.

Ya sami Dokas a ƙofar ɗakin da take haya a bayan makaranta, tana duba littattafan 'yan ajinta a kan tabarma. Ta rame. Da ta gan shi ta miƙe a hankali, hannunta ɗaya a kan ciki.

"Baba? Lafiya?"

"Malam Ubale ya faɗa mini."

Ta sunkuyar da kai. Ta kawo masa kujera da ruwa, ta koma ta zauna, ta haɗa hannuwa kamar mai jiran hukunci.

Ya ce, "Ban zo yin magana ba. Ki faɗa mini. Duka."

Ta dube shi ba ta yarda ba. Ta fara da kaɗan-kaɗan, tana tsayawa a kowace gaɓa. Da ta ga bai shigo ba, sai maganar ta ɓalle.

"Sau uku na kira ka, Baba. Na farko na ce ba na jin daɗi, ka ce ruwan ƙauye ne, da ina Abuja da ba haka ba. Na biyu na ce likita ya ce, ban ƙarasa ba ka ce likitocin yanzu ba su san komai ba. Na uku ana gobe za a shiga da ni. Na kira ne kawai ka yi mini addu'a. Minti goma sha bakwai muka yi a waya. Na duba. Ban ce komai ba sai to."

Amsoshi suka taso masa. Ai don ita yake yi. Ai da ta tura saƙo. Ai shi ma shi kaɗai ne. Ya riƙe ƙafar kujerar da ƙarfi, ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

"Da aka tura ni ɗakin tiyata Mama nake ta kira," in ji Dokas. "Na san ba ta nan. Amma ko a kabari take, na fi sa ran ita za ta ji ni."

Can nesa ana ta daka, awaki suna wucewa.

Jethro ya ce, "Abin da na ji shi ne, kin ji tsoro. Kin nemi mahaifinki sau uku. Yana kan waya, amma ba ki same shi ba. Haka ne?"

Dokas ta rufe fuska da zaninta ta fashe da kuka. Bai ce ta yi shiru ba. Ya jira har ta gama.

"Ki yafe mini," ya ce. Bai ƙara komai a kai ba.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta share ido, ta tattara littattafan. Sai da ya miƙe zai tafi ta ce, "Ranar Talata zan koma ganin likita. Ƙarfe tara."

Aikin da ya sake miƙa wa Dakta Sharifa shafi ɗaya ne, a kan wani tela da idonsa ke raguwa, bai sa suna ba. Ta karanta a gabansa ta ce, "Wannan kam akwai shi."

Ranar Talata, karo na farko cikin shekaru, Jethro ya nemi izini a ofis. Suka yi awa biyu a bencin asibiti. Da aka kira su, likitan ya ga dattijo da kwat, sai ya juya wajensa.

"Baba, yaya jikin nata?"

Jethro ya ja numfashi zai fara. Sai ya dubi 'yarsa.

"Likita, ga ta nan. Ni rakiya na yi."

Dokas ta yi bayani da kanta. A nan ya ji cewa har yanzu ba ta iya ɗaukar bokitin ruwa, kuma tsayuwar aji tana sa ta jiri. Likita ya ce ɗinkin ya warke, hutu kawai take buƙata.

Da suka fito bakin titi, masu mota suna ta kiran Gitata, Gitata. Dokas ta tsaya ba ta motsa ba har motar ta cika ta tashi.

"Baba, akwai abinci a gida?"

"Babu. Sai burodi."

Ta girgiza kai, ta miƙa masa jakarta. "Riƙe mini. Mu biya kasuwa tukuna."

Darasi: Iya magana ba shi ne iya sadarwa ba. Mutum zai iya cika ofis da gida da muryarsa, amma na kusa da shi su yi ciwo su warke bai sani ba. In wani ya fara faɗa maka damuwarsa, bar shi ya kai ƙarshe kafin ka buɗe baki, domin wataƙila ba shawararka yake nema ba, kunnenka yake nema. Yau ka kira mutum ɗaya, ka tambaye shi yadda yake, ka yi shiru ka ji. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, akwai wanda yake buƙatar karanta wannan.