Gadon Jego a Kan Ruwa

Ku shigo da tabarmin ciki, ruwan nan ba yanzu zai ɗauke ba. Ga wata nan gare ku, amma ba ta sa barci ba ce. In na kai ƙarshe zan yi shiru, ku za ku ƙarasa ta da bakinku.

A wani tsibiri can tsakiyar fadama akwai wata tungar masunta da ake kira Tungar Bado. Da damina ruwa yakan zagaye ta, furen bado ya rufe ruwan fari fat, har mai kwalekwale ya riƙa ji kamar a cikin gajimare yake tuƙi. A nan wasu mata uku, uwa ɗaya uba ɗaya, suke zaman aure. Tabawa ce babba, sai Kuluwa, sai Hansai. Iyayensu sun rasu sun bar musu autarsu Uwani tana ƙarama. Su ukun suka raine ta, wannan ta goya, waccan ta yi kitso, har suka aurar da ita ga Ɗanjuma, wani mai fataucin bandar kifi a ƙetaren ruwa.

Da cikin Uwani na fari ya tsufa, ta dawo gida haihuwa kamar yadda ake yi. Yayyenta suka share mata ɗakin marigayiya innarsu, suka kafa sabon gadon kara, suka tara itacen wankan jego. Ta haifi 'ya mace, ƙarama, mai yawan gashi. Ɗanjuma yana can wata kasuwa mai nisa, labari bai riske shi ba, don haka jaririya ba ta da suna tukuna, ko na cikin kunne. Baƙuwa suke ce mata.

Ba a kai ranar suna ba sai rediyo ta fara magana. Aka ce wata mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku, tana tafe da ruwan da zai cika koguna, duk wanda ke zaune a kwari ya hau tudu. Masunta ba su tsaya gardama ba, don su ma sun ga abin da suka gani. Tururuwa na hawa tsamiya ɗauke da ƙwayayensu. Balbelu sun tashi sun bar shanu. Iska ta tsaya cak, sama ta yi wani launi kamar cikin ƙwarya, kifi kuma ya ƙi cin ƙugiya. Aka fara kwashe tsofaffi da yara da awaki a kwalekwale zuwa Tudun Giginya, wani dogon tudun yashi a bakin fadama.

To, a tungar nan mai jego ba ta ƙetare ruwa kafin suna. Ba wanda ya tuna mafarin abin, haka aka taso aka tarar.

Tabawa ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "A naɗe yarinyar nan a sa ta a jirgi. In ya so a yi sunan a tudu."

Kuluwa na hura wuta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Da ɗanyen jiki, Yaya? Iska ta buge ta a tsakiyar ruwa, ke za ki yi jinyarta? Ɗakin Inna ne mafi tudu a garin nan. Ko shekarar da ruwa ya ci masallaci bai taɓa dokin ƙofar nan ba."

"Shekarar nan rediyo ba ta yi magana ba."

"Rediyo ta taɓa haihuwa?"

Uwani ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta ƙara rungume Baƙuwa. Ta ce a hankali, "Ni dai ina tsoron jirgi da ita, Yaya Tabawa. Cibiyarta ma ba ta faɗi ba."

Shi ke nan maganar ta mutu. Hansai kuwa tun tana yarinya take tsoron ruwa, har ana yi mata dariya, 'yar masunta da ba ta iya iyo ba. Ta tattara 'ya'yanta da na yayyenta ta shiga jirgin ƙarshe, ta zauna a kan turmin innarsu da ta ce ba za ta bar wa ruwa ba. Mai jirgi ya ce zai dawo da safe ya duba su. Hansai ta yi ta waiwaye har tsibirin ya koma kamar faifai a kan ruwa.

Yanzu ku saurari abin da kowacce ta yi.

Tabawa ta fita. Ta shiga rumfar da mahaifinsu yake ajiye kayan kamun kifi, ta sauko da gorunansa, manyan nan da masunci ke kifa ciki a kai ya yi iyo. Ta ƙwanƙwasa kowanne ta saurara. Wanda ya yi ƙarar tsagewa ta ajiye gefe. Masu kyan ta toshe bakinsu da tsumma da danƙo, ta kai su bakin ruwa ta danna ta ga ko za su yi kumfa. Sannan ta dawo ta durƙusa a ƙarƙashin gadon jego, ta ɗaure su ɗaya bayan ɗaya da igiyar koma, ragar kamun kifin nan, ta gicciya itacen wanka a tsakaninsu don kada gadon ya karye. Ta cire ƙyauren ɗaki ta ɗaure a gefe. Uwani na kwance a sama tana jin gado yana ɗagowa kaɗan kaɗan.

Ta ce, "Yaya, me kike yi mini a ƙasa?"

Tabawa ta ce, "Kin ce ba ki shiga jirgi. Ban ce ki sauka daga gadonki ba."

Kuluwa ta yi mata dariya, ta ce a tsufanta ta koma wasan yara. Amma ita ma da ta fita ta ga yadda ganyen tsamiya ya yi lamo, ta dawo ta daina dariya. Ita ce mai wutar jego, ita ke dafa ruwan wanka safe da yamma, kuma ta san abin da sanyi ke yi wa jariri. Ta zaɓi itacen ƙirya, mai daɗewa bai mutu ba, ta ƙona shi ya zama garwashi. Ta zuba toka a wata 'yar tukunyar ƙasa, ta kwantar da garwashin, ta lulluɓe shi da wata tokar. Ta kifa kasko a kai, ta liƙe gefen da laka, ta bar 'yar kafa ɗaya ta numfashi. Zannuwan jaririya busassu ta cusa su a tulu ta toshe.

Guguwa ta iso da sassafe, kafin mai jirgi ya kwance igiyarsa. Da farko wani gunji aka ji daga nesa, kamar garken shanu na tahowa. Sai giginyoyi suka sunkuya. Jinkar ɗakin Inna ta ɗaga gaba ɗaya, ta yi sama tana juyawa kamar malafa, suka bi ta da kallo har ta ɓace. Ruwa ya zubo ta sama, wani ya shigo ta ƙasa, ya haye dokin ƙofar da aka ce bai taɓa hayewa ba. Bangon laka ya jiƙe, ya yi laushi, ya zauna a hankali kamar tsohuwar da ta gaji da tsayuwa. Gado ya motsa. Ya ɗaga, ya juya sau ɗaya, ya fita ta inda bango yake a da, ɗauke da mai jego da jaririya da yayye biyu a kan ƙyaure. Da ba don gorunan Tabawa ba, a nan labarin zai ƙare.

Suka bi ta kan garinsu. Uwani ta leƙa ta ga tarwaɗa na shiga ɗakin girkin maƙwabta tana fita. Ta ga kaji a jere a kan wata jinka, suna tafiya abinsu kamar masu zuwa biki. Furen bado da iska ta tsinke ya yi ta bin gadon. Ta kasa tantance ko farke take ko zazzaɓi ne ke nuna mata.

Can sai ta lura Baƙuwa ta daina kuka. Ta ba ta nono ta ƙi kamawa. Leɓunanta sun yi duhu, tafin ƙafarta kamar an ciro shi daga randa. Uwani ta juya wajen Kuluwa.

Kuluwa ta ce, "Miƙo ta nan."

Tun fitowarsu tana duƙe a kan 'yar tukunyarta, bayanta ne ke shan ruwan sama. Ta ɓalle lakar, ta ɗaga kasko, ta tona tokar da yatsa. A tsakiyar duk ruwan nan, ga jan garwashi ɗaya yana kallonta. Ta hura. Tabawa da Uwani suka ja tabarma suka yi musu rumfa. Kuluwa ta ciro busasshen zane daga tulu, ta ɗumama shi, ta naɗe jaririya, ta gasa tafin hannunta ta riƙa dafa mata ƙirji da ƙafafu. In zane ya huce ta sake wani. Ta daɗe tana yi, tana ƙunƙuni tana cewa, "Ke Baƙuwa, ba a zuwa gidan mutane a koma ba a ci komai ba." Sai jaririya ta yi atishawa, ta tsanyara kuka. Da ba don garwashin Kuluwa ba, gawa gadon zai kai tudu.

Bayan azahar iska ta faɗi, ruwan sama ya tsagaita. Amma wani farin hazo ya taso daga kan ruwa ya rufe duniya. Babu gabas, babu yamma, babu kan bishiya ko ɗaya. Gadon yana tafiya, ba su san ina ba. Abin da suka sani shi ne ruwan fadama duk inda ya zaga, babban kogi yake nema, kuma gadon kara ba ya shiga babban kogi ya fita.

A Tudun Giginya maza sun tura jirage sun dawo, sun ce ko bakin jirginsu ba sa gani. An yi kira har murya ta dushe, hazo ya haɗiye. Mata suka fara zama kusa da Hansai irin zaman da ake yi wa mai rashi. Ita kuwa ta tashi, ta mirgina turmin innarsu zuwa ƙarshen tudu inda yashi ya taɓa ruwa, ruwan da take tsoro yana lasar ƙafarta. Ta ɗaga taɓarya ta fara daka.

Wata tsohuwa ta ce, "Hansai, ba a dakan turmi babu komai a ciki. Ba kyau."

Ta ce, "To, Iya, zuba mini abin da kike da shi."

Ba wanda ke da busasshen hatsi. Ta ci gaba. Ba daka kawai take yi ba, lugude take yi, irin na innarsu, wanda ake buga gefen turmi, a cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe. Duk tungar ba gidan da ke yin sa haka sai nasu. Wasu suka ce baƙin ciki ya taɓa mata kai. Aka zo karɓar ta, ta hana, don ba wadda ta iya kiɗan. Tafinta ya yi bororo, bororon ya fashe, taɓarya ta yi santsi, ba ta tsaya ba.

A cikin hazo Uwani ce ta fara ji. Ta ce, "Yaya, Inna na daka."

Tabawa ta taɓa goshinta ta ji ko zazzaɓi ne. Sai ita ma ta ji, can ƙasa ƙasa, ta bayansu, ba ta inda ruwa ke jan su ba. Kuluwa ta ce, "Wannan tafin Hansai ne. Kullum sai ta makara da shi." Suka ɗauki ƙwarya da faifai suka fara tuƙi. In sautin ya yi nisa su gyara, in ya matso su dage. Rana na gab da faɗuwa mutanen tudu suka ga gado ya fito daga cikin fari, hayaƙi siriri na tashi daga kansa. Da ba don turmin Hansai ba, da kogi ya tafi da su da gorunansu da wutarsu.

Ɗanjuma ya iso ana gobe suna, ƙafafunsa duk laka. Aka kafa rumfa a tudu, aka samo rago daga cikin dabbobin da suka tsira. Da safe liman ya zauna, maza suka kewaye shi, ya karkato kunne wajen uban jaririya. Ɗanjuma ya tashi ya je bakin bukkar da aka yi wa matarsa, ya tambaye ta daga waje.

Uwani ta ce, "Sunan yayata za a sa mata."

Ya ce, "Wacce?"

Uwani ta waiwaya. Yayyen na zaune a gefenta. Tabawa na warware igiyar koma. Kuluwa na hura wutar wanka da sauran garwashin nan. Hannuwan Hansai na naɗe da tsumma, wata ke ba ta kunu a baki. Ba wadda ta ɗago kai.

A waje kuwa magana ta rabu. Masu cewa Tabawa suka ce ita ta hango abin tun ba a ga komai ba, aka amsa musu cewa ita ce babba, da ta tsawata da an shiga jirgi tun farko. Masu cewa Kuluwa suka ce a hannunta rai ya dawo, aka tuna musu cewa bakinta ne ya zaunar da su a tsibiri. Masu cewa Hansai suka ce ita ta kira su gida, aka ce ai ita ce ta tafi ta bar su.

Liman na jira, wuƙa na hannun mai yanka, jaririya ɗaya ce, kuma suna ɗaya ake raɗa wa mutum. To, ku da kuka ji: tsakanin mai goruna da mai garwashi da mai turmi, wace ce ta fi cancanta a yi mata takwara?