Fitilar da Mai Hoto Ya Rufe

Mai Hoto mutumin kirki ne, wannan kowa ya shaida. Ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya raina gaisuwa, kuma a ɗan shagonsa na bakin titi, mai labule da zanen lambu da fitilu biyu masu lema, ko mummuna ya shiga sai ya fito da hoton da zai rataye a ɗaki. Aibinsa ɗaya ne, amma fa babba: son a gani. Gara ya yini da yunwa da a ce an gan shi da takalmi mara sheƙi. Matarsa takan tsokane shi ta ce sana'arsa ce ta biyo shi gida, komai sai ya gyara masa haske kafin ya nuna wa duniya.

'Ya'yansu duk sun kama gabansu, saura Auta. Yarinya ce mai shiru-shiru, burinta ɗaya a duniya, ta shiga makarantar koyon aikin jinya da ke babban gari. Ta zauna jarrabawar shiga sau ɗaya, maki kaɗan ya hana ta. Ita kuwa makarantar tana da ƙa'idar shekaru, wanda ya haura ba a karɓarsa, kuma Auta ta kusa kai wa iyakar. Don haka kullum tana ɗaki da littattafanta, har uwar takan ce wata rana sai an ɓamɓaro ta daga jikin tebur.

Ana nan sai wani attajiri da Mai Hoto ke yi wa aiki ya sa tsohuwar motarsa a kasuwa. Mota ce ta alfarma mai shan dizal, baƙa wuluk, doguwa, kujerunta na fata, in ka rufe ƙofarta ko hayaniyar titi ba ka ji. Kuɗin da aka sa mata kuwa kamar kyauta. Mai Hoto ya zagaya ta sau ɗaya, zuciyarsa ta tafi. Ya kira Dogo, bakaniken layinsu kuma abokin wasansa, ya zo ya duba.

Dogo ya buɗe bonet, ya leƙa, ya sosa ƙeya. “Mutumina, sayenta ba wuya, riƙonta ne aiki. Ka tambayi kanka mana, me ya sa mai kuɗi ya gaji da ita? Ko ni da nake cin abinci da lalacewar motoci, wallahi tausayinka nake ji.”

“Kai dai ka faɗi gaskiya, baƙin ciki kake yi,” in ji Mai Hoto yana dariya. Ya tattara abin da ya tara, ya haɗa da kyamararsa ta biyu, ya saya.

Watan farko, sai wanda ya gani. Daga gidansa zuwa shago tafiyar da ya saba yi da ƙafa ce, amma yanzu sai ya tayar da mota, ya zuge gilashi, ya bi layi a hankali yana ɗaga wa mutane hannu. Dogo ya ce masa injin dizal doguwar hanya yake so, wannan 'yar gajerar zirga-zirga toshe shi take yi da hayaƙi. Ya yi kunnen uwar shegu.

Daga nan ta fara nuna halinta. Nozul, wato mai fesa wa inji mai, ya toshe, aka canja. Ba a jima ba famfon mai ya ce bai san zance ba, kuma ba a samunsa a gari, sai an yi oda an jira makonni. Wata safiya ya fito ya tarar iskar ƙafafunta ta sace, ta durƙusa a ƙofar gida kamar raƙumi. Kowane gyara sai ya cinye cinikin wata guda, wani har da na watan gaba. Gida ya fara ji a jikinsa. Cefane ya ragu, firjin da ya lalace ya zama kabad, kuma a shekarar nan da aka buɗe sayar da takardar jarrabawa, kuɗin da aka ware wa Auta ya tafi gareji, jarrabawar shekarar ta wuce ta. Uwar ce ta yi magana.

“Maigida, ka sayar da motar nan. Ta zame mana ƙarfen ƙafa. Shekara ɗaya ta rage wa yarinyar nan fa, in ta wuce shi ke nan.”

“In sayar, mutane su ce me? Su ce Mai Hoto ya gaza? Baɗi da kaina zan kai ta har ƙofar makarantar, ki zuba ido.”

To, ga abin da ya kashe shi. Akwai wata fitila ruwan ɗorawa da ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. Dogo ya ce ba ta gaggawa ba ce, amma gyaranta da tsada. Rannan Mai Hoto ya rage wa wasu abokan ango hanya, sai ɗayansu ya leƙo daga baya ya ce, “Yallaɓai, motar taka tana ƙorafi fa, ko ba a ba ta haƙƙinta ne?” Suka kwashe da dariya. Maganar nan ta tsaya masa a rai. Yana sauke su ya tsaya wurin mai kayan wuta, ya sayi baƙin salatif, ya yanko mai faɗi ya manne kusurwar nan gaba ɗaya. Fes, ba wanda zai sake ganin komai. Abin da bai lura da shi ba shi ne, a gefen fitilar nan ne mazaunin jar fitilar da ke kamawa in baƙin mai ya yi ƙasa. Ita ma ya rufe ta.

Motar kuwa ta fara ɗigar da baƙin mai kaɗan-kaɗan inda take kwana. Maimakon ya kai wa Dogo, sai kullum da safe ya watsa yashi a wurin kada maƙwabta su gani.

Shekara ta zagayo. Uwar ta sayar da 'yan kunnenta ta saya wa Auta takardar jarrabawa. Suka shirya cewa yarinyar za ta hau bas ana gobe, ta kwana gidan gwaggonta a can, ta wayi gari kusa da makaranta. Da Mai Hoto ya ji, sai ya ƙeƙasa ƙasa.

“'Yata a bas, ga mota a ƙofar gida? Haba! 'Ya'yan wasu a sauke su a manyan motoci, tawa ta sauko tana kakkaɓe ƙura?”

“Baba, ni bas ɗin ma ya ishe ni,” in ji Auta a hankali. “Hankalina zai fi kwanciya.”

“Ke dai yi shiru, Autata. Gobe za ki ga gata.”

Gari na wayewa suka kama hanya. Ya sa ta zauna a baya, wai nan ne wurin manya. Ta buɗe littafinta a cinya tana bita, leɓɓanta na motsi. Motar ta miƙe lafiya lau, har ya fara yi wa matarsa dariya a zuci. Sun yi nisa, sun bar garuruwa sun shiga dogon daji, sai wani ɗan ƙara ya taso daga gaba, ƙas-ƙas-ƙas.

“Baba, ba ka jin wani abu?”

“Hanya ce ba kyau,” ya ce, ya ƙara muryar rediyo.

Ƙaran ya koma ƙwanƙwasa. Wani ƙauri ya cika motar. Kafin ya gangara gefe, sai ji suka yi gwaram, motar ta yi wata girgiza, ta mutu murus. Ya murɗa makulli, shiru. Ya kai hannu kan salatif ɗin nan ya ɓare, sai ga jar fitila tana kallonsa. Allah kaɗai ya san tun yaushe take ci a ƙarƙashi tana kiransa. Inji ya buga.

Ya fito ya buɗe bonet yana taɓe-taɓen da ba su da amfani. Ya tsaya tsakiyar titi da babbar rigarsa yana ɗaga hannu, motoci na wuce shi fuu, don ba mai son tsayawa a daji. Auta na tsaye a gefe rungume da jakarta, tana duban rana tana hawa. Da ƙyar wata babbar mota mai ɗauke da siminti ta tsaya, suka hau, tana tafiya kamar ba ta so.

Sun isa ƙofar makarantar ɗalibai na fitowa, kowa na ba ɗan'uwansa labarin tambayoyi. Mai Hoto ya roƙi maigadi, ya roƙi malamin da ke kula da jarrabawar, har ya durƙusa a gabansa, shi da bai taɓa yarda a ga gwiwarsa a ƙasa ba. Malamin ya ɗaga shi da girmamawa ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, an riga an rufe takardu. Da da yadda zan yi, wallahi da na yi.” Ya dubi shekarun Auta a katinta, ya kau da kai.

Suka zauna a kan wani benci a waje. Mai Hoto ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, sai hawaye. Auta ta ciro gorar ruwanta, ta kama hannayensa da suka yi baƙi da mai tana zuba masa. “Baba, kada mu gaya wa Mama a waya,” ta ce. “Ka san hawan jininta. Bari sai mun koma.”

Motar, janwe ce ta jawo ta. Dogo ya duba ya ce kuɗin sabon inji ya fi abin da za a saye ta, bai kuma yi tsokana ba ranar. Aka sayar wa masu yanka motoci su cire abin da zai moru.

Auta ta samu aiki a wani kantin magani tana miƙa kaya. Wata rana Mai Hoto ya biyo ta wurin da ƙafa, ya hango wasu 'yan mata sanye da fararen kayan makarantar jinya sun zo sayen safar hannu. Ɗayarsu ta kasa karanta sunan wani magani, Auta ta karanta mata, ta yi mata bayanin aikinsa tana murmushi, suka yi godiya suka tafi. Ya ga yadda ta bi su da kallo har suka sha kwana. Ya kasa shiga, ya juya gida.

Ya tarar da matarsa tana ninke kaya. Ya zauna a bakin gado ya ce, “Kullum sai Auta ta gaishe ni da fara'a. Ko sau ɗaya ba ta tayar da maganar ba. Da ma ta zage ni, da na samu sauƙi.”

Matar ba ta ɗago ba. “Ba ka haifi mai zagi ba, Maigida,” ta ce. “Haka za ka yi ta ganinta.”

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kafin ka ɗauki abu, ka auna ƙarfin riƙonsa, kada arhar saye ta ruɗe ka. Matsalar da ka rufe don kada mutane su gani ba ta tafi ko'ina ba, tana nan tana girma, kuma ranar da ka fi buƙatar lafiya za ta fito. Mutanen da kake jin kunyar idonsu za su yi dariyarsu su wuce, ba sa asarar komai. Wanda zai biya kuɗin girman kanka shi ne na gida, wanda ya yarda da kai ya shiga motarka.