Mai Waldar da Ba Ya Kwanciya Ƙarƙashin Amalanke

An yi wani mutum a ƙasar Kurfai wanda yake cewa, tun daga Filinge har Baleyara, ƙarfe bai taɓa yi masa gardama ba.

Mai walda ne. Yana ɗora injinsa a amalanke, ya bi ƙauyuka yana ɗinke garma da amalanken shanu. Abu guda ne ba ya yi: kwanciya a ƙasa. Mai farar shadda ba ya birgima cikin kashin shanu. Sai ya ɗinke ƙarfe ta sama, inda ido yake gani, ya shafa baƙin fenti, ya bar ƙasan ga Allah.

In amalanke ta karye da kaka, manomi ya zo, sai ya ce masa, “Dami nawa ka ɗora mata, Baba? Kai ma in an ɗora maka haka, karyewa za ka yi.”

Manomi ya yi dariya, ya ba da haƙuri, har ya kawo fura. Kowa yana cikin jin daɗinsa.

Ya 'yan uwa, hannun da ya saba da ha'inci, yana tambayar kayan wa ne?

Wata rana gab da damina tasa amalanken ta tsage. Ya ɗinke ta yadda ya saba. Ya je ya ari sa wurin wansa Magagi, don ya kai inji garin Bonkuku.

Magagi ya ce, “Shi kaɗai gare ni, ƙanena. Ka bi shi a hankali.”

Ya ce, “Haba Yaya, ni za ka koya wa tafiya?”

A gangaren wani kwari ƙarfen ya rabu. Inji ya sulluɓo, ya karya ƙafar san Magagi, ya faɗa kan dutse ya tarwatse. Jama'a suka taru, suka kifa amalanken don su ciro dabbar. Ranar ce aka fara ganin aikinsa ta ƙasa. Kowa ya koma gida ya leƙa ƙarƙashin tasa. Ba a sake kiransa ba.

Wanda ya gyara inda mutane suke gani, ya bar inda Allah yake gani, ya san wanda yake tsoro.

Magagi ya yanka sansa, aka raba naman. Da ruwa ya sauka, ya ɗauki hauya, da furfurarsa, ya nome gonarsa da hannu, kuma daga rumbunsa ƙanen yake ci.

Allah ya kiyaye mu da aikin ganin ido, ya saka wa masu haƙuri. Amin.