Marayan da Ubansa Ke Raye

Akwai wani dattijo mai gyaran fanka, shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba. In za ka shiga sai ka sunkuya, don fankokin mutane ne rataye ta ko'ina, wata ba fiffike, wata ba kai. Kowa a layin yana ce masa Mai Fanka.

Ɗansa namiji ɗaya ne tak. Tun yaron yana rarrafe yana kwashe masa notina yana kaiwa baki, uban ya laƙaba masa Injiniya. Sunan ya bi shi har jami'a, kuma Allah da ikonsa, karatun injiniyan yake yi.

Yana shekara ta biyu aka ƙara kuɗin makaranta. Mai Fanka ya sayar da ɗan injin da yake naɗa waya da shi, duk da haka bai kai ba. Injiniya ya nemi tallafin karatu na wata gidauniya, wanda ake buɗe wa kowa da kowa. Masu nema sun yi yawa, sunansa bai fito ba. Abu ɗaya ya rage masa, ya tattara kayansa ya koma gida.

Abokin ɗakinsa, wanda suke kira Sarkin Dabara, ya same shi yana cusa littattafai a jaka.

"Kai dai ba ka da wayo," in ji shi. "Gidauniyar nan tana da wata ƙofa ta marayu. Can ba cunkoso. Su biya maka komai, shekarar ƙarshe kuma su tura ka waje ka ƙarasa."

"Ni ai ba maraya ba ne."

"Waye zai je ya tona kabari? Magana ce kawai ta fatar baki."

Injiniya ya ce Allah ya kiyaye. Amma da ranar rufe rajista ta matso, sai ga shi zaune gaban masu intabiyu, yana cewa mahaifinsa ya rasu tun yana sakandare. Har da sharar ƙwalla. Makinsa mai kyau ne, suka ɗauke shi. Sai da zai fita aka ce masa za a turo wakiliya ta ga gidansu da idonta kafin a sa hannu.

Jama'a, a nan fa ake yin ta.

Ya iso gida da yamma. Inna, mahaifiyarsa, tana tankaɗe a tsakar gida, Mai Fanka yana zaune bakin ƙofar ɗaki da fankar maƙwabta a cinyarsa. Injiniya ya durƙusa, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai ya faɗa.

Inna ta saki rariya. "Innalillahi! Ubanka yana zaune yana numfashi, ka je ka kashe shi da bakinka? Wannan shi ne karatun?"

Mai Fanka bai ɗago kai ba, ya ci gaba da juya sukundireba. Can ya ce, "Yaushe na mutu?"

"Baba, don Allah..."

"Tambayarka nake. Yaushe?"

"Na ce ina aji uku na sakandare."

"Ashe na daɗe," in ji dattijon. Ya ɗan yi murmushi, irin wanda gara kuka da shi. "In suka gane fa?"

"Za su janye, kuma su sanar da makaranta. Kora ce, Baba."

Mai Fanka ya ajiye fankar, ya sa takalminsa ya fita.

Ranar da wakiliyar ta zo, Inna ta shimfiɗa mata tabarma a ɗaki ta kawo ruwa. Mace ce mai fara'a, da tabarau, tana magana a hankali. Ta dubi rufin da ke yoyo, ta dubi teburin karatun da aka tokare ƙafarsa da bulo. Ana cikin haka aka yi sallama. Mai Fanka ne, cikin rigarsa mafi kyau, wadda ba ya sawa sai da dalili.

"Wannan fa?" wakiliyar ta tambayi Injiniya.

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Baffansa ne ni," in ji Mai Fanka. "Ƙanin marigayin. Ni nake ɗan riƙe da su."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Wakiliyar ta dafa ta tana ba ta haƙuri, a zatonta mijinta ta tuna. Sannan ta juya ga dattijon.

"Baba, wane irin mutum ne marigayin?"

Ya daɗe yana kallon hannuwansa, da baƙin mai a ƙarƙashin farata wanda sabulu ba ya fitarwa.

"Talaka ne, 'yata. Ya so yaron nan ƙwarai da gaske, sai dai hannunsa bai kai ba. Da yana da abin da zai ba shi, da ba ki taka gidan nan ba."

"Allah sarki," in ji ta. "Mu yi masa addu'a."

Suka ɗaga hannu. Ta roƙa masa gafara, ta roƙa masa hasken kabari. Mutumin da ake yi wa addu'ar yana zaune kusa da ita yana cewa amin. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai zuciyata ta karye.

Da motarta ta tafi, Mai Fanka ya cire rigar ya ninke, ya mayar da ta aiki. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Na yi maka wannan, Allah ya yafe mana ni da kai. Amma ka sani, akwai wani yaro can da ubansa ya mutu da gaske. A kujerarsa ka zauna."

Tallafi ya fito. Injiniya ya yi karatu tuƙuru, ba a taɓa samun sa da wasa ba. Shekarar ƙarshe gidauniya ta tura shi wata ƙasa mai nisa, ta haɗa shi ɗaki ɗaya da wani ɗalibinta, wani yaro shiru-shiru da suke kira Ustaz. Shi kam maraya ne na gaskiya, bai ma san fuskar ubansa ba.

Ranar farko da Injiniya ya kira gida, Ustaz yana zaune a kan gadonsa yana ji. Da uban ya ɗauka, sai Injiniya ya ce, "Baffa, ina wuni?"

Muryar dattijon ta ce, "Lafiya lau, ɗan wana. Ya sanyi?"

Shi ke nan, abin ya zauna a haka. Ni dai ba zan kare shi ba. Da ya so, da ya fita baranda ya kira ubansa da sunan da ya dace. Amma yau sanyi, gobe gajiya, har bakinsa ya saba. Baffa kaza, Baffa kaza, wata da watanni.

Ana dab da jarrabawar ƙarshe Inna ta kira shi.

"Jikin ubanka ya yi tsanani. Muna asibiti. Ya ce kada in faɗa maka, amma ni ba zan iya ba. Ka zo."

Nan take ya kira wakiliyar, don ita ke kula da su. Ya ce baffansa ne ba lafiya, yana so ya je ya dawo.

"Wannan dattijon mai kirki? Allah ya ba shi lafiya," in ji ta. "Amma ka san dokarmu. Uwa ko uba ne kawai muke saya wa ɗalibi tikiti ya je. Baffa ba ya ciki. In ka tafi a kan kanka, ka ajiye gurbinka ke nan."

Maganar ta zo masa har bakin leɓe. Ubana ne. Kalma biyu kacal. Sai ya tuna da jarrabawa, da kora, da kunyar da zai sha. Ya haɗiye. Ya ce wa ransa 'yan makonni ne suka rage, Baba zai jira.

"Na gode, ranki ya daɗe," ya ce, ya kashe wayar.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta sake kira da rana, ta ce ga shi zai yi magana. Ustaz yana tebur yana karatu. Muryar Mai Fanka ta fito can ƙasa-ƙasa, yana magana yana hutawa.

"Injiniya."

"Na'am, Baffa. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Kai kaɗai ne a ɗakin?"

Injiniya ya waiwayi Ustaz. "A'a, muna tare da abokina."

"To... shi ke nan. Ka yi jarrabawa da kyau. Allah ya yi maka albarka."

Bai kawo komai a ransa ba. Ya ɗauka tambaya ce kawai irin ta marar lafiya.

Washegari da safe, yana ɗaura igiyar takalmi zai tafi aji, wayar ta yi ƙara. Kukan Inna kawai ya ji, ya gane. Ya zame ya zauna a ƙasa. Ustaz ya taso ya rungume shi, yana ba shi baki da zuciya ɗaya.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa. Kai da ka jure mutuwar uba, ta baffa ba za ta kayar da kai ba."

Injiniya ya fizge jikinsa ya ƙwalla ƙara. "Ubana ne! Ustaz, ubana ne! Ba ni da wani baffa!"

A ranar ya kira wakiliyar ya faɗa mata komai, tun daga intabiyu har zuwa addu'ar da ta yi a ɗakinsu. Da ya gama, sai ta ce:

"Ka sa na yi wa mutum addu'ar mamaci yana zaune a gabana. Wannan tsakaninka da Allah. Amma ranar da ka kira ni, da ka ce min ubanka ne, wallahi da a ranar zan sa ka a jirgi. Maganar hukunci sai ta biyo baya. Me ya hana ka faɗa?"



Gidauniya ta cire sunansa daga cikin ɗalibanta, amma ta bar shi ya rubuta jarrabawar. Ya ci, da sakamako mai kyau ma. Ya dawo gida da takardar shaida a jaka, ya tarar an daɗe da share zaman makoki.

Inna ta rame, ta yi baƙi. Ya miƙa mata takardar, ta karɓa ta ajiye a gefe ba ta ko buɗe ba.

"Zauna," ta ce. "Akwai abin da ya kamata ka ji. A asibiti wata nas ta tambaye shi ko yana da ɗa namiji da za a kira. Ya ce mata a'a, ɗan wansa ne kawai, yana karatu a waje. Yana kan gadon mutuwa yana tsoron kada magana ta fita ta ɓata maka."

Injiniya ya kifa kai a gwiwa.

"Ranar da na ba shi waya kuwa, shi ya roƙe ni in kira ka. Ya ce min, rabon da yaron nan ya ce min Baba tun da ya tafi. Ina so in ji sau ɗaya. Shi ya sa ya tambaye ka ko kai kaɗai ne. Da ka ce a'a, sai ya miƙo min wayar ya juya fuskarsa bango."

Injiniya ya tashi ya fita ba takalmi. Ya buɗe shagon, ya sunkuya ya shiga. Fankokin suna nan rataye, ƙura ta rufe su, sukundireban yana kan benci inda mai shi ya bar shi. Ya zauna a wurin yana cewa Baba, Baba, Baba, da ƙarfi, har mutanen layi suka taru a ƙofa. Telan da ke maƙwabtaka da su ne ya shiga ya kamo hannunsa, ya kulle shagon, ya raka shi gida.

Darasi: Ɗalibai, ku nemi tallafin karatu da iya ƙarfinku, in an hana ku yau ku sake nema gobe, amma ku nema da gaskiya. Kada ka shiga ƙofar da ba taka ba, don akwai mai haƙƙi a tsaye a waje, kuma ƙaryar da ta buɗe maka hanya ita za ta tare ka ranar da ka fi bukatar wucewa. Wanda iyayensa ke raye, ya ɗauki waya yau ɗin nan ya kira su da sunan da suke son ji. Ku tura wa duk wani ɗalibi da kuka sani, wataƙila akwai wanda yake dab da yin irin wannan kuskuren.