Tukunyar Iya Tabawa

Ku gyara zama. Tunda kun ce babu shari'ar da ta taɓa gagarar majalisar nan, ga wata na kawo muku. In kuka yanke ta kafin a kira magariba, goron gobe a wuyana.

A wani gari a ƙasar Katsina an yi wata mata, Hajiya Dije, wadda ta buɗe gida don tsofaffin da gigin tsufa ya kama. Kun san irinsu. Wanda zai ci tuwo yanzu ya rantse rabonsa da abinci tun jiya, da wadda za ta dubi ɗan cikinta ta tambaye shi ɗan gidan wane ne, da wanda zai saɓi fartanya da hantsi ya ce zai tafi gonar da aka sayar tun yana da baƙin gashi. Da farko mutanen gari sun yi ta zagi, wai wane ɗan halas ne zai kai uwarsa hannun bare. Amma da aka tsinci wani tsoho a tasha bai san sunan garinsu ba, aka tsamo wata daga bakin kududdufi, sai masu zagin suka fara kawo nasu, suna sunkuyar da kai.

Mutum uku ne ke ɗauke da gidan a ƙarƙashin Hajiya. Akwai Kuluwa, ma'aikaciyar jinya, magani da allura a hannunta suke. Mace ce mai kaifin baki, ba ta da lokacin hira. Akwai Barmani, mai yi wa tsofaffin mata wanka da kitso, wadda in ka gan ta sai ka ce albashin banza take ci, don rabin yininta a kan tabarma yake ƙarewa tana sauraron zancen da ba kai ba gindi. Sai Malam Sallau, shi ke raba wa kowa aikinsa tun daga masu girki har maigadi, shi ke karɓar baƙi, kuma shi ake yi wa faɗa in abu ya ɓaci.

Ana nan sai wani ɗan kasuwa, Alhaji Labaran, ya kawo mahaifiyarsa, Iya Tabawa. 'Yar siririyar tsohuwa ce, ba ta faɗa, ba ta yawo, ba ta zagin kowa. Matsalarta ɗaya, ba ta cin abinci. In an kawo mata kwano sai ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta rufe da faifai, ta tura ƙarƙashin gado. Aka sauya tuwo da shinkafa, aka gwada dambu, aka dama fura da nono mai kyau. An yi lallashi, an yi wayo, duk a banza. Ɗan ruwa kawai take kurɓa. Kullum tana ƙara zubewa, har awarwaron hannunta ya fara zamewa da kansa. Kuma abin ya zo daidai da tafiyar Hajiya zuwa Kano, inda za a yi mata aikin ido, likita ya ce kada a dame ta ko da waya.

To, ga abin da Kuluwa ta yi. Wata safiya Iya Tabawa ta tashi za ta yi alwala, ta yanke jiki ta faɗi. Kafin a gama salati Kuluwa ta iso. Jijiyoyin tsohuwa duk sun ɓuya saboda rama, amma ta yi ta laluba har ta samu guda a bayan hannu, ta ɗaura mata ƙarin ruwa. Da Iya ta farfaɗo sai ta fizge allurar. Aka mayar, ta sake fizgewa. Wasu cikin ma'aikata suka ce a ɗaure hannun a jikin gado, ai haka ake yi a wasu wurare. Kuluwa ta ce, "Duk wanda ya ɗaure min ita, shi zan ɗaure." Ta jawo kujera ta zauna, ta riƙe hannun da nata hannun har ledar ruwan ta ƙare, aka sa wata. Haka ta yi kwanaki, a nan take cin abinci, salla kawai ke ɗaga ta, tana jiƙa auduga da ruwan zuma tana shafa wa tsohuwa a leɓe. Sannan ta faɗa wa sauran gaskiya ba tare da ta shafa mata mai ba. Ta ce, "Ruwa ba tuwo ba ne. Iyakata in riƙe muku ita na 'yan kwanaki. In ba ta ci ba, ni dabarata ta ƙare."

Ga kuma abin da Barmani ta yi. Ita tun kafin faɗuwar ta lura da wani abu. Duk lokacin da aka shigo da kwano, bakin Iya Tabawa yakan yi motsi, idonta na kan ƙofa. Barmani ta matsa kusa kamar mai gyara mata kallabi, sai ta ji tana lissafa mutane: na maigida, na 'yan gona, na su Ɗanladi, na baƙo. Ta tambayi Alhaji Labaran, ya ce shi bai sani ba, tun yana ƙarami kawunsa ya ɗauke shi zuwa birni, bai tashi a gaban uwarsa ba. Sai Barmani ta tambayi sunan ƙauyensu, ta shiga mota. Damina ce, ruwa ya cinye hanya, inda mota ta tsaya ta ƙarasa a ƙafa cikin taɓo. A can ta sami wata tsohuwa, Inna Yalwa, ƙanwar mijin Iya Tabawa, tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Ta gaishe ta, ta kwashe labari ta faɗa mata.

Inna Yalwa ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Kwano kuka ba ta? Tabawa? 'Yar nan, tun da aka kawo ta gidanmu har yayana ya rasu, ban taɓa ganin wani ya zuba wa Tabawa abinci ba. Ita ke kwasa. Gandu ne babba, mutane kamar kasuwa. Sai ta kwashe wa maza, ta kwashe wa mata da yara da 'yan ƙwadago, ta ajiye na baƙon da bai ma iso ba. Sannan ta tambaya ko kowa ya samu. In an ce mata e, sai ta ja tukunya bayan rumbu inda ba mai ganinta, ta kankare ƙanzo ta ci. Wannan kwanon da kuke miƙa mata, a wurinta rabon wani ne kuka ba ta ajiya. Tabawa kuwa ko yunwa za ta kashe ta ba ta taɓa ajiyar mutum."

Barmani ta dawo da kumburarrun ƙafafu da wannan magana. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai sanin ciwo daban, samun ikon yin maganinsa daban, ita kuwa Barmani ko mai wanke-wanke ba ta iya ba umarni.

Saura Malam Sallau, wanda Barmani ta kai wa maganar. Shi abu biyu ne suka tare masa hanya. Na farko, doka ce ta Hajiya: tun da zanin wata tsohuwa ya taɓa kamawa da wuta a bakin murhu, ta ce duk ma'aikacin da ya bar tsoho ya kusanci tukunya a bakin aikinsa. Na biyu, a ranar da Barmani ta dawo, a ranar Alhaji Labaran ya iso da mota zai ɗauki uwarsa zuwa babban asibiti a zura mata robar abinci ta hanci. Sallau ya zaunar da shi a zaure.

Ya ce, "Alhaji, ban isa in hana ka mahaifiyarka ba. Amma wadda ke fizge allura, ka san sai an ɗaure ta kafin roba ta zauna. Ka ba ni zuwa jibi. In ba ta ci ba, ni da kaina zan sa ta a motarka."

Alhaji ya ce, "In ta cika kafin jibin fa, Malam?"

Sallau ya ce, "Rai na Allah ne. Amma laifin nawa ne, kuma ka faɗa wa duk wanda ya tambaye ka haka."

Sai Alhaji ya sallami direbansa.

Sallau ya tara masu girki ya ce za a bar Iya Tabawa ta yi kwasa da kanta, suka ce su fa ba za a kore su a kan tsohuwar wani ba. Ya ce in Hajiya ta dawo shi za ta tarar a gaba. Da, kowane tsoho a ɗakinsa ake kai masa abinci, kowa da lokacinsa. Sallau ya rushe wannan tsari gaba ɗaya. Ya ce daga gobe da azahar kowa a tsakar gida zai ci, tsofaffi da ma'aikata, lokaci guda. A sauke tukunya daga wuta, a bari ta ɗan huce, a kai ta gindin darbejiya nesa da murhu.

Washegari aka ɗauko Iya Tabawa aka jingina ta da matashi a gaban tukunya, aka sa mata mara a hannu. Ta dubi marar, ta dubi tukunyar, ta tsoma hannu a ruwa ta fara kwasa kamar jiya ta bari. Wani tsoho ya ce nasa ya yi kaɗan, ta ce masa ya ci wannan tukuna, ido ba mudu ba ne. Ranar aka fara jin muryarta da ƙarfi a gidan. Amma tana sallamar kwano na ƙarshe, sai babbar mai girki, mace mai tsafta, ta sure tukunyar ta antaya mata ruwa don ta jiƙa. Iya Tabawa ta bi tukunyar da kallo, ta koma ta kwanta. Ko loma ba ta kai baki ba. Barmani ta faɗi zancen ƙanzo tun farko, Sallau ne bai isar wa mai girki ba, kuma da Alhaji ya taso masa da faɗa bai ɗora wa kowa ba, ya ce shi ne.

Rana ta biyu, wadda ita ce jibin da aka yi alkawari, Sallau ya sa aka bar tuwo mai laushi da kauri a gindin tukunya. Ya sa kowa a layi da kwanonsa, har Alhaji Labaran da babbar rigarsa. Sallau ne ya zo ƙarshe. Iya Tabawa ta zuba masa, ta ɗaga kai ta ce, "Kowa ya samu?"

Ya ce, "Kowa ya samu, Iya, har maigadi."

Sai ya yi wa mutane alama kowa ya ba ta baya. Tsohuwa ta ja tukunya da kyar zuwa bayan darbejiya, ta jawo ragowar miya. Jim kaɗan aka ji ƙarar mara tana kankarar gindin tukunya. Ba wanda ya waiwaya. Alhaji Labaran yana zaune da kwano a cinya, hawaye na zuba, ya kasa cin nasa.

Iya Tabawa ta tashi daga jinya. Ba ta warke daga gigin ba, wannan ba ya warkewa, har yau in ɗanta ya zo cewa take a kawo kwanon baƙo. Amma tana ci, ta yi kumari, kuma ita ke kwasar tuwon gidan.

Da Hajiya Dije ta dawo ta tarar da tukunya a tsakar gida da tsohuwa a gabanta. Aka ba ta labari daga farko har ƙarshe. Ba ta yabi kowa ba, ba ta kori kowa ba. Bayan kwana biyu ta kira su ukun ɗakinta, ta ce a turo ƙofa.

Ta ce, "Ba ido kaɗai aka duba min a Kano ba. Na jima ina ɓoye muku. Ran nan na fito daga gidan 'yata na tsaya a bakin titi, na rasa ina ne gabas. Ina salla sai in rasa a raka'a ta nawa nake. Likita ya faɗa min sunan abin, ni kuwa ba sai an faɗa min ba, na raka mutane da yawa a wannan hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zan ba ɗayanku gidan nan tun ina gane fuskokinku, kuma mutum ɗaya zan ba, don gida ba ya zama da kai uku. Wanda na ba, shi zai riƙe ni ranar da zan tambaye shi ɗan gidan wane ne."



To, ga ta nan gabanku. Ba don Kuluwa ba, da an binne Iya Tabawa tun kafin Barmani ta kai ƙauye. Ita ce ta riƙe rai, ita ce ta hana a ɗaure tsohuwa kamar akuya. Amma da za a bar ta ita kaɗai, har ruwan ya ƙare ba za ta tambayi abin da ya hana matar ci ba.

Ba don Barmani ba, da har yau ana canza kwano ana canza miya. Ita kaɗai ta ɗauki surutun tsohuwa a matsayin magana, ta bi shi har inda ya fito. Amma da ta dawo da maganin a bakinta, ba ta da ƙarfin da za ta sa a ɗaga ko da tukunya ɗaya.

Ba don Sallau ba, da maganar Inna Yalwa ta tsaya a labari, motar Alhaji ta tafi da tsohuwa. Shi ya juya gida guda saboda mutum ɗaya, ya sa wuyansa. Amma bai san komai ba sai da aka faɗa masa, mantuwarsa ta ƙara wa mai yunwa kwana, kuma dokar mai gida ya taka da ba ta nan, ga shi mai gidan tana shirin zama wadda ba za ta iya hana kowa komai ba.

Kai Malam Ilu, na ga bakinka na motsi tun ɗazu, dakata a ji ta bakin kowa. In ku ne Hajiya Dije, kun san abin da ke tafe gare ku, wa za ku damƙa wa gidan da kanku a cikin su ukun?