Mitar Barmo Mai Fito

Masu ba da labari sun ce a garin Tungar Marke, a bakin babban kogi, an yi wani Sarkin Ruwa mai suna Jatau. Al'adar garin, duk shekara in ruwa ya kawo, shi ke miƙa filafilin babban jirgi ga wanda zai yi fito. In jirgi ya kife kuwa, alhakin rayuka yana wuyansa.

Shekara goma sha ɗaya Barmo ke riƙe da filafilin nan. Amma bana ƙorafi ya yi yawa. Mata suka ce mita gare shi. 'Yan kasuwa suka ce nawa gare shi, sai ya bi jirgi katako bayan katako yana ƙwanƙwasawa kafin ya tashi. Dattawa suka ce gaisuwarsa a tsaitsaye take. Kowa Lawandi yake so, wani baƙon mai fito mai fara'a da ya zo da rani, wanda ba a taɓa jin aibinsa ba.

Kwana uku tuwo ba ya wuce wa Jatau. Ga kogi ya cika ya batse, ga shi gobe kasuwar tsallake. Da la'asar ya zauna a mashigi yana kallon ruwa yana tafiya da itatuwa. Sai tsohon Zalɓe, tsuntsun bakin kogi wanda ya san kakansa, ya sauka kusa da shi.

Zalɓe ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ƙura wa ruwa ido kamar zai ba ka amsa."

Jatau ya ce, "Ina fa! Barmo kowa da abin da zai faɗa a kansa, Lawandi kuwa ba a ce komai ba. In na yi kuskure, da wane ido zan dubi uwayen 'ya'ya?"

Zalɓe ya ce, "Ashe ba ka ji labarin Tabawa mai rumbu biyu ba?"

Jatau ya ce, "Yaya labarin yake?"

Zalɓe ya gyara tsayuwa ya ce:

An yi wata mata Tabawa da ta yi niyyar Makka a ƙasa. Tana da rumbu biyu na gero, ta rasa wanda za ta bar wa amana. Ta tambayi halin maƙwabcinta Ɗangoje, aka ce, "Wannan? Rowa, bin diddigi, ga taurin kai." Ta tambayi halin ɗaya maƙwabcin, Mati, aka ce, "Allah sarki, ba ruwansa." Har ta yanke shawarar ba Mati duka biyun, sai ta biya ta wurin wanzamin unguwa yin sallama.

Wanzami ya ce, "Yaya Tabawa, kada ki yi sayen tukunyar Inna Kande."

Ta ce, "Wane irin saye ta yi?"

Wanzami ya ce: Inna Kande ta je sayen tukunyar tuwon sunan jikanta. Maginiya ta nuna mata wata ta ce, "Wannan bakinta a karkace yake, gindinta da tabon hayaƙi, amma ƙwanƙwasa ki ji." Inna Kande ta yamutsa fuska, ta nuna wata sumul mai sheƙi. Maginiya ta ce, "Waccan ban san aibinta ba, don tun da aka fito da ita ba wanda ya ɗora ta a murhu." Inna Kande ta ce ai shi ke nan, marar aibi take nema. Ranar suna, baƙi sun cika gida, ruwa na tafasa, sai ji aka yi tas! Tukunya ta rabe biyu, wuta ta mutu, kunya ta tashi.

Wanzami ya kakkaɓe askarsa ya ce, "Aibin da ke da suna, an zauna da mai shi ne har aka raɗa masa. Wanda aka ce ba ruwansa, ki tambaya ko an taɓa ɗora shi a wuta."

Tabawa ta ji maganar, amma ba ta saki ra'ayinta duka ba. Ta ba kowannensu rumbu guda. Bayan shekara uku ta dawo. Ɗangoje ya tare ta da faɗa tun kafin ta sauke kaya, wai ta bar shi da yaƙin gara da ɓeraye, ga geronta nan, ko zangarniya bai ba kowa ba. Rumbun Mati kuwa wayam. Bai saci ƙwaya ɗaya ba. Duk wanda ya zo da 'yar murya sai ya buɗe masa, don bakinsa bai iya cewa a'a ba.

Zalɓe ya dubi Jatau ya ce, "Mutum tara yake, bai cika goma ba. Kai dai ka duba wace ɗaya ce ta ɓace, ko jirgi zai iya tafiya ba ita."

Da gari ya waye, jama'a suka cika mashigi da awaki da ƙoren nono da buhunan albasa. Jatau ya ɗaga filafili ya ce, "Jama'a, wa ya taɓa hayewa da Lawandi ruwa na cike?"

Ba a samu ko mutum ɗaya ba. Ya juya ga Lawandi ya ce, "Mutum nawa za ka ɗauka?"

Lawandi ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a bar kowa a baya ba. Duk su shigo."

Nan take Jatau ya ga kamar rumbun Mati ne a buɗe. Ya miƙa wa Barmo filafili.

Barmo ya karɓa ba ko godiya. Ya bi katakai yana ƙwanƙwasawa, mata na tsaki, ya mayar da buhu huɗu tudu, ya zaunar da kowa inda ya ga dama. Jatau ya ɗaga riga ya sa ƙafa zai shiga, sai Barmo ya tare shi da filafili.

"Ranka ya daɗe, jirgi ya cika. Sauka ka jira sawu na biyu. Da ma tun ɗazu surutunka ne ya ɓata mana lokaci."

Jatau ya janye ƙafarsa. Ya tsaya a tudu yana kallo har jirgi ya taɓa wancan gaci, yana jiyo mitar Barmo sama-sama a kan ruwa. Sannan ya juya ga Zalɓe, da ke tsaye a bakin ruwa, ya ce, "Na karɓa, tsoho. Allah ya bar mana shi da mitarsa."

Ya aika gida a ɗumama masa tuwon jiya.